Furar da Na Zubar a Bayan Rumbu

Rabi, ke kika jawo wannan rubutu. Ranar da kika dawo daga sunan jikar Kawunku Sahabi kika zauna bakin gadona kina ta kame-kame, na san an gaya miki wani abu. Sai da na matsa miki kika ce wai wata ta faɗa a tsakar gida, gaban mutane, cewa kakarku ta mutu uwarku tana leƙenta ta kafar darni. Na ce miki ki bar ni, kika ɗauka ƙarya aka yi min. Ba ƙarya ba ce, ta kafar darni na yi wa uwata ganin ƙarshe. Amma wadda ta faɗa ko cikinta ba a yi ba a lokacin, a bakin manya ta tsinci maganar, su kuma manyan ba duka suka sani ba. To ga ta nan, ke da Aminu da Nasiru ku karanta. Ban rage komai don in wanke kaina ba, na tsufa da wannan.

Shekarar, ba a daɗe da cewa Sakkwato ta zama jiha mai kanta ba, kuɗi sun cika birni suna ta kiran mazan ƙauye. Babanku yana cikin waɗanda suka amsa. Ya tafi aikin gini tun kaka, ya ce zai dawo kafin shuka, ruwa ya sauka bai dawo ba, an riƙe su kan wani bene da ba a gama ba. Abin da ya aiko shi ne rediyo da kwanon samira mai murfi. Sai ni da ku uku a gida: Aminu ya fara famfarar haƙora, ke Rabi kina bin bayana riƙe da zane, Nasiru yana nono. Gidanmu na aure da gidan da aka haife ni, can ƙauyenmu na kusa da Fakku, darni ɗaya ya raba su, na kara, tsayinsa iyakar haɓata. A wancan gefen akwai Inna, uwata, da ƙanena Sahabi da matarsa Dije. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Inna mai fura ce, kuma ba irin furar da kuke saye yanzu a leda ba. Duk wanda ya ci kasuwar Fakku a zamanin ya san furar Tumba, sunanta ke nan. Tun hantsi za ka ji turminta, kuma ko ido rufe na san dakanta, don tana yi tana ɗan tsayawa tana tsawata wa kaji. Mace ce mai zuciya, ba ta roƙo, ba ta cin na wani ta yi shiru. Ni ma kun san halina, ba daga ƙasa na tsince shi ba.

Amai da gudawa suka shigo mana da ruwan farko. An ce wani ya kwaso ta wurin ta'aziyya, an ce a kasuwa ce, kowa da tasa. Abin da na sani shi ne mutum zai gaishe ka da safe da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, kafin gobe an kai shi. Da jana'iza ta yi yawa, sai ga malamin asibiti daga Tambuwal bisa babur, laka har gwiwa. Maigari ya tara maza gindin tsamiya, mu mata muna saurare daga bayan zana. Malamin ya ce duk gidan da cutar ta shiga a gitta ƙaya a ƙofarsa, ba shiga ba fita sai kwana bakwai bayan mai ciwo ya tashi ko ya tafi. A tafasa ruwan sha. A daina musabaha, a daina taron gaisuwa. Kuma kada komai ya fito daga gidan da aka rufe, ko abinci ko tufafi.

Wani dattijo ya ce, "Malam, to shuka fa? Wanda bai shuka ba cikin kwana bakwan ga, mi zai ci baɗi?"

Wani ya ce, "Gidan da babu rijiya, ina za su sha? Kuma da wane icce za a tafasa ruwan, duk ya jiƙe?"

Malamin ya share fuska da hularsa. Yaro ne, bai fi Sahabi ba, kuma ka ga alamar ya zagaya ƙauyuka da yawa an yi masa wannan tambaya.

Ya ce, "Baba, abin da anka ce in gaya muku ke nan. Ku yi iya yinku. Amma abu guda nika roƙonku: abin da anka dama da ɗanyen ruwa a gidan mai ciwo, kada yaro ya sha."

Ya zuba wani farin gari a rijiyar gari, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ba mu ƙara ganinsa ba har cutar ta wuce, don ruwa ya cinye hanyar Kebbe. Ban ga laifinsa ba. Maganarsa ta ƙarshe ce ta zauna min a kai, kuma rediyon babanku ma ita yake ta nanatawa safe da yamma.

Kwana uku da zuwan malamin Dije ta kwanta, aka gitta ƙaya a ƙofar gidanmu na haihuwa. Yanzu bari in gaya muku yadda dokar ta yi aiki, don na ji 'yan boko suna magana kamar rufe gida abu ne da ake yi da baki. Ƙayar ta tsare ƙofa, wallahi ta tsare, ko akuya ba ta bi ta nan ba. Amma gida ba ƙofa kaɗai gare shi ba. Da sassafe Sahabi zai tsallake darnin baya da sungumi a kafaɗa ya tafi shuka, ya tarar da maƙwabcin gonarsa shi ma ta bayan gidansa ya fito. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan, har maigari, don kowa ya san yunwa ita ma kashewa take yi, sai dai ita ba ta gaggawa. Ruwa kuwa ni ke ɗebo musu, in tsaya bisa turmi in tsiyaya ta saman darni cikin tulunsu ba tare da tulu ya taɓa tulu ba. Tafasawa, mun yi kwana biyu muna hura ɗanyen icce har idanunmu suka yi ja, daga nan na koma tafasa na yara kaɗai. Inna ce ke jinyar Dije, ita ke kwashe, ita ke wanke. Tun da hannunta ya cika, sai na ɗauki girkin gida biyu. In na tuƙa tuwo in zuba a kwanon samira in ɗora bisa ginshiƙin darni, in ja da baya, ta zo ta ɗauka.

Nan ne maganar ta ɓaci. Kun san al'adarmu, kwano ba ya komawa wayam. Wanda aka aiko wa abinci sai ya saka wani abu a ciki, ko daddawa, ko ɓarin goro, ko tafin gero. Mayar da kwano fanko kamar ka ce ne kai matsiyaci ne, ko kuma ba ka gode ba. Inna kuwa ko a mafarki ba za ta yi ba. Ranar farko da la'asar na tarar da kwanona bisa ginshiƙi, na ɗaga murfi, sai ga fura damammiya, ta sha nono, ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancina. Duk da jinyar da take yi ta samu lokaci ta daka wa jikokinta. Da hannun da ta wanke Dije ta dama, da ruwan randar da Dije ke sha. Na tsaya riƙe da kwanon nan. Ke Rabi kin riga kin ji ƙamshi kina ta ɗaga hannu. Na ce miki magani ne, na zagaya bayan rumbu, na tona rami da dunduniya, na zuba, na rufe da ƙasa. Na wanke kwanon da toka da ruwan zafi. Ban taɓa zubar da abinci ba a rayuwata sai ranar, kuma na uwata.

Can sai na ji muryarta ta saman darni.

"Hajo, ɗiyan sun sha hura?"

Na ce, "Sun sha, Inna."

"Ta yi yaji da yawa? Na rage barkono don Rabi."

"Daidai ta yi."

Kuna iya cewa me ya hana in gaya mata gaskiya tun ranar. Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Kunya ce, da tsoro. Ta yaya 'ya za ta dubi uwarta ta ce abin hannunki ba ya shiga bakin 'ya'yana? Na yi ta cewa gobe zan faɗa, ko kuwa kwana bakwai za su cika kafin ta gane. Haka na yi rana ta biyu, na yi ta uku. Rana ta huɗu kaji suka tona min asiri. Sun gano wurin, suka barbaje ƙasar, suka taru kansa suna ta tsattsaga, bakinsu fari fat. Inna ta zo ɗora kwano ta hango su. Mai fura ba ta rasa gane furarta ko a ƙasa take.

Ta kira ni da cikakken sunana, abin da ba ta yi sai ranta ya ɓaci.

"Hajara. Zo nan. Mi nika gani bayan rumbun can?"

Na sunkuyar da kai.

"Kwana nawa kina ba kaji? Ina daka da ciwon baya, ina tambayarki kina ce min sun sha. Ni kika ƙyama? Hannun ga da yaw wanke miki kashi, shi na ƙazami yau?"

Da na durƙusa a lokacin na ce Inna ki yi haƙuri, tsoro nake ji, da ta yi faɗanta ta huce, na san ta. Amma ina! Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba, miji ba ya nan, kullum ana wucewa da makara ta ƙofar gida, ga ƙarya ta kama ni dumu-dumu. Sai zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "To Inna, so kike in ba su su mutu? Ba ki ji abin da malamin asibiti ya ce ba? Mutuwa ce kike aiko min cikin kwano, ni kuwa ba zan ɗura wa 'ya'yana ba don a ce na yi kara!"

Allah ya isa tsakanina da bakina. Maganar tana fita na so in kamo ta. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni, ta sauke kwanon daga ginshiƙi, ta juye furar a gefenta, ta ɗora min shi fanko.

Ta ce, "Ga kwanonki. Riƙe tuwonki, mu ma muna da murhu."

Ta juya ta shige ɗaki.

To ku saurara da kyau, don a nan laifina yake, ba inda mutane ke nunawa ba. Na yi fushi. Na ce a raina ai ni ke da gaskiya, ita ya kamata ta gane. Ranar ban ɗora musu tuwon dare bisa ginshiƙi ba. Washegari na tsiyaya musu ruwa, Sahabi ne ya tara tulu, ban tambaye shi Inna ba, shi ma bai ce min komai ba, ya ɗaure fuska. Ya dai ce Dije ta fara shan kunu. Da hantsi ban ji turmi ba. Na lura sarai, don kunnena yana can. Na ce ai fushi take yi, ba ta da wanda za ta daka wa. Rana ta biyu ma shiru, ba daka, ba tsawata wa kaji. Na tsaya kusa da darni har sau biyu, baki ya yi min nauyi, na koma. Taku biyar ne tsakanina da ɗakin uwata, kwana biyu cur ban ce "Inna, kin tashi lafiya" ba. Ba ƙaya ce ta hana ni wannan ba, ba maigari ba, ba malamin asibiti ba. Gaisuwa ba ta ɗaukar cuta.

Rana ta uku da hantsi Sahabi ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Yaya Hajo, ki zo. Inna ce. Tun shekaranjiya take kwance."

Na fita da gudu ba mayafi, Nasiru a bayana, na zagaya ta titi har ƙofar gidan. Ga ƙaya a gitte. Ƙaramar ƙaya ce, ko yaro zai iya ɗauke ta da hannu ɗaya. Sahabi ya fito zaure yana min hannu. Na ɗaga ƙafa, sai Nasiru ya motsa a bayana yana neman nono. Na waiwaya, ku biyu kun biyo ni, kun tsaya tsakiyar hanya kuna kallona. In na shiga, doka ta ce kwana bakwai ba fita. Doka ma a bar ta, kowa yana tsallake ta. Amma na san in na shiga zan rungume ta, zan wanke ta, in dawo in ba wannan nono, in tuƙa muku tuwo da hannun nan. In kuwa na kwanta, babanku yana Sakkwato, hanya a yanke, kowane gida yana fama da nasa, ba wanda zai ɗauke ku. Na mayar da ƙafata.

Sahabi ya ce, "Shigo mana! Dije ba ta iya tashi, ni namiji ne, wa zai gyara ta?"

Na ce, "Ba zan iya ba, Sahabi."

"Uwarki ce fa."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Allah shi ba ki ɗiyan da za su yi miki haka," ya koma ciki.

Na dawo gida na je daidai inda darni ya fi kusa da ɗakinta, na sa hannu na farke kara har ya yanke ni. Na roƙi Sahabi ya ɗage asabarin ƙofa. Ya ɗage, bai dube ni ba. Ga ta kwance bisa tabarma, ta koma kamar ba ita ba, idanu sun zurma, leɓe ya bushe. Na tafasa ruwa na miƙa, na dama kunu na miƙa, ba abin da ya zauna. Na durƙusa cikin laka na sa bakina a kafar nan ina kiranta. Na ce Inna ki yafe min maganar da na yi. Na ce ba ƙyamarki nake ba, tsoro ne. Na ce furarki ba ta da laifi. Na faɗa na sake faɗa har muryata ta dushe. Sau ɗaya na ga kamar ta juyo da kai, amma ban rantse ba. Bayan azahar Inna ta cika. Wata tsohuwa da ta yi ciwon ta tashi ita ta yi mata wanka, ni ina wannan gefen ina miƙa ruwa ta saman darni. Ban taɓa gawar uwata ba. Mutum kaɗan suka yi mata salla, ba a zauna karɓar gaisuwa ba, macen da rabin ƙasar nan suka sha furarta.

Da cutar ta lafa, magana ta tashi. Matan da suka shiga jinyar nasu suka rasa 'ya'ya, su aka yaba, aka ce sun yi zumunci. Ni da nawa suka tsira duka, aka ce Hajo mai taurin zuciya. Babanku da ya dawo ya ce na yi daidai, amma shi ba uwarsa ba ce, kuma bai san maganar kwana biyun nan ba. Sahabi kuwa ya ɗaga darnin ya mayar da shi katangar ƙasa. Muna gaisawa a biki da mutuwa, kuna zuwa gidansa yana ba ku goron salla, amma bai ƙara zama ya yi hira da ni ba. Ni ma ban neme shi ba, kun san mu. Tambayoyi biyu nake ɗauke da su, shi kaɗai ke da amsarsu, na kasa yi masa: ta ji ni ko ba ta ji ba? Kuma da ba a gaya min ta kwanta ba, ko fushin ne ya kai ta gwammace ta mutu ban sani ba?

Sai da muka yi furfura, ya yi ciwonsa na ajali a Tambuwal, na je dubiya. Ya sa aka fita aka bar mu. Na tattara ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ce ji dai bai sani ba, ba zai yi min ƙarya ba, a lokacin ta yi nisa. Amma akwai abin da ya riƙe shekara da shekaru don haushina, yana so ya sauke kafin ya tafi. Ya ce daren farko da ta kwanta ya tashi zai kira ni, ta riƙe masa riga.

"Tac ce min, 'Kak ka gaya ma Hajo. Na san ɗiyata, tana ji za ta tsallake ƙayar ga ta shigo, ga ta da goyo. Bari ta yi ta hushinta, hushi ya fi mata.'"

Na zauna bakin gadon nan na kasa ko kuka. Shekarun nan duka ina zaton ta tafi tana riƙe da ni, ashe kāre ni take yi, ni da ku. Na yi hamdala, wallahi na yi. Amma ban dawo gida da sauƙin zuciya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Inna ba ta so in shiga, wannan gaskiya ne. Sai dai ta sakankance zan shiga, har ta ɓoye ciwonta kwana biyu don ta hana ni. Ni kuwa da aka gaya min, na zo har ƙofa, na dubi ƙayar, na tsaya.

Ku uku kuna raye, kun haifa, wasunku sun yi jikoki. Da za a mayar da ni bakin ƙofar nan da Nasiru a baya, na san abin da zan sake yi, kuma na san zai sake ƙona ni. Wannan na ɗauka, ba na neman a sauke min. Abin da nake roƙon Allah gafara a kansa kullum shi ne kwana biyun da ina jin turmi ya yi shiru na ƙi buɗe baki. In wata ta sake ce muku na leƙi uwata ta kafar darni, kada ku yi faɗa da ita. Ku ce haka ne, kuma ta makara da zuwa.